Shirun Mai Sayar Da Mota A Kan Aibinta: Ciniki Ne Ko Algus?

 

Akwai wata mas'ala da ta yawaita a majalisun malamai da zaurukan sulhu a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, watau mas'alar mutumin da ya sayi tsohuwar mota a hannun masu sana'ar sayar da motoci, bayan kwana kaɗan sai ta bayyana da aibin da ba a faɗa masa ba. Idan ya koma, amsar da yake samu kusan iri ɗaya ce a ko'ina: “Alhaji, ai ka duba da idonka, ka zo da bakanikenka, ba wanda ya yi maka ƙarya.” Sau da yawa kuma maganar gaskiya ce, ba a yi masa ƙarya da baki ba, shiru kawai aka yi masa. To, shin wanda ya san aibi ya kame bakinsa ya kuɓuta, tun da bai furta ƙarya ba?

A shekarun 1970, bayan an buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ma'aikaci ko ɗan kasuwa matsakaici yakan iya sayen mota sabuwa fil. Wannan zamani ya wuce. Yanzu galibin motocin da ke kai da kawo tsakanin Gusau da Anka da Daki Takwas da Gummi, irin su Golf da Sharon da Kanta, ko dai waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ne, waɗanda aka gama moriyarsu a Turai da Amurka aka yi jigilarsu ta teku zuwa Kwatano ko Ikko, ko kuwa waɗanda suka riga suka zaga hannu uku ko huɗu a nan gida. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kashi na biyun ya ƙara yawa, domin ta waje ta fi ƙarfin mutane da dama. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka a wurin gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, wasu kuma ambaliya ce ta shanye su, kamar yadda guguwar Harvey ta yi wa dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas a 2017. A gyara bodi, a fesa fenti, a wanke kujeru, mota ta fito tana walƙiya kamar amarya, alhali kuwa ruwa ya riga ya ci wayoyinta.

Mai sayen irin wannan mota a yammacin Zamfara ba safai yake mai tarin dukiya ba. Manomi ne da ya sayar da shanun huɗa da buhunan gero da wake, ko direban da ya shekara goma yana tuƙa motar wani yana tari, ko magada da suka haɗa rabonsu domin su sami abin da zai riƙa kawo masu na cefane. Daɗin daɗawa kuma, kowa ya san halin da hanyoyin wannan yanki suke ciki saboda 'yan bindiga. Motar da ta mutu a tsakiyar birnin Kano asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. Wadda ta mutu da fasinja tara a daji tsakanin Anka da Daki Takwas, rana tana shirin faɗuwa, maganar rayuka ce. Saboda haka wanda ya ɓoye cewa injin yana zafi, ko birki yana ƙwacewa, bai san iyakar abin da ya ɗora wa wuyansa ba.

Asalin hukunci a wannan babi sananne ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, sa'an nan ya bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. Abin lura a nan shi ne, ba a ce mutumin ya yi rantsuwar ƙarya ba, ba a ma ce an tambaye shi ya musa ba. Laifinsa kawai ya jera kayansa ta yadda ido zai ga mai kyau ya rasa maras kyau. Ke nan kafa hujja da cewa “ban faɗi ƙarya ba” ta rushe tun daga tushe.

Malamai sun kira wannan hali tadlisi, mai yinsa kuma mudallis, daga kalmar Larabci mai ma'anar duhu, domin ya bar ɗan'uwansa cikin duhu alhali fitila tana hannunsa. Akwai kuma wanda ya fi shiru muni, shi ne yaudara da aiki. Misalinsa a zamanin Annabi shi ne a ƙi tatsar akuya ko taguwa kwana biyu ko uku kafin ranar kasuwa, domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kan haka, da kuma cewa wanda ya saya yana da zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. Malaman Malikiyya suka fitar da ƙa'ida daga nan, cewa yaudara da aiki daidai take da sharaɗin da aka furta da baki. Wanda ya mayar da agogon da ke ƙirga tafiyar mota baya, daga kilomita 300,000 zuwa 90,000, tamkar ya ce ne da bakinsa “na sayar maka a kan ba ta wuce 90,000 ba.” Haka wanda ya ɗura baƙin mai mai kauri domin ya danne ƙarar inji, ko ya kashe fitilar gargaɗi da ke gaban direba, ko ya tayar da motar tun da asuba domin kada mai saye ya ga irin wahalar da take sha kafin ta tashi da sanyi. Duk waɗannan hantsar akuya ce aka ɗaure.

Adalci ne kuma a saurari ɓangaren masu sayarwa, domin suna da hujjojin da ba na banza ba. Hausawa sun ari kalmar Turanci suna kiransu diloli, har sunan ya yi karo da na dila sarkin wayo, amma zalunci ne a yi masu kuɗin goro, akwai masu tsoron Allah a cikinsu ƙwarai. Mai wannan sana'a zai ce shi ma a rufe ya sayo, hoto kawai aka turo masa ta waya daga Kwatano. Zai ce tsohuwar mota ba ta rabuwa da ciwo, wanda ke son lafiyayya sarai ya nemi sabuwa. Zai ce wani direban shi ne zai bar lagireto ba ruwa ya ƙona inji, sa'an nan ya dawo yana kuka an cuce shi. In kuwa kowace mota za ta dawo, to, sana'ar ta mutu.

Fiƙihu bai yi watsi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da farko, ba kowace tawaya ce aibi a shari'a ba. Aibin da ake mayar da kaya saboda shi shi ne wanda al'ada ta gudana a kan kuɓutar irin kayan daga gare shi, wanda kuma yake rage kuɗinsu, ya kasance kuma yana nan tun kafin ciniki. Taya da ta suɗe, kujera da ta yage, fenti da ya koɗe a motar da ta shekara ashirin, waɗannan tsufa ne, ido yana ganinsu, an kuma riga an rage su a cikin farashi. Amma inji da ya tsage aka liƙe, ko ƙashin mota da ya karye a haɗari aka yi masa walda aka rufe da fenti, ko akwatin giya da ke ƙin shiga sai mota ta ɗauki zafi, ba wanda zai ce mai saye ya shiga ciniki da yardar haka.

Na biyu, mazhabar Malik ta bambanta tsakanin mai sayarwar da ya sani da wanda bai sani ba, ko da yake ba ta wanke na biyun gaba ɗaya ba. Abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, shi ne wanda ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓi biyu, ko ya riƙe kayan ba tare da an rage masa kome ba, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif. Wannan haƙƙi yana nan ko mai sayarwa ya sani ko bai sani ba, domin kuɗin lafiyayyen abu aka biya. Bambancin yana fitowa ne a wasu wurare da Shaihu Halil ya lissafa a Muhtasar. Idan kayan sun halaka saboda aibin da aka ɓoye, kamar inji ya buga ko motar ta kama wuta dalilin wayoyin da ruwa ya ci, to, asarar tana kan mudallis, zai mayar da kuɗi duka ko da abin da ya rage ƙarafa ne kawai. Idan mai saye ya riga ya kai kayan garinsu, ɗawainiyar mayar da su wurin ciniki tana kan mudallis, watau kuɗin janwe daga Bukkuyum zuwa Gusau ko Sakkwato daga aljihunsa zai fito. Wanda bai sani ba ba a ɗora masa waɗannan, kuma babu zunubi a kansa. Maganar cewa shi ma a rufe ya sayo, wannan tsakaninsa ne da wanda ya sayar masa. In bin haƙƙinsa a ƙetare ya gagara, to, wannan kasada tana cikin abin da ya sa ribarsa ta halatta.

Idan kuma wani sabon aibi ya sami motar a hannun mai saye kafin ya gano tsohon, kamar ya buga ta da gini, nan ma yana da zaɓi: ya mayar ya biya abin da sabon aibin ya rage, ko ya riƙe a ba shi arshi, watau diyyar tsohon aibin. Yadda ake lissafin arshi ya kamata alƙalai da masu sulhu su kiyaye, domin ba kuɗin gyara ake dubawa ba, kaso ake fitarwa. A misali, an sayi mota Naira miliyan 4. Masana suka ƙiyasta cewa a ranar ciniki lafiyayyarta ta kai miliyan 5, mai wannan aibi kuwa miliyan 4. Aibin ya cinye kashi ɗaya cikin biyar ke nan, sai a mayar wa mai saye ɗaya cikin biyar na abin da ya biya, watau Naira 800,000. Kuɗin da direba ya tara da motar kafin ya gano aibin kuwa nasa ne, ba a cire su daga abin da za a mayar masa, saboda hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa amfanin abu yana ga wanda asararsa take wuyansa.

Sai maganar rubutun da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ko abin da ake faɗa da baki, “ka ɗauka tarin ƙarfe ka saya.” Wannan shi malamai ke kira ciniki da bara'a, kuma an yi shari'a a kansa tun zamanin sahabbai. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa dirhami 800 da sharaɗin bara'a, daga baya mai saye ya ce akwai cutar da ba a faɗa masa ba. Suka je gaban Halifa Usmanu ɗan Affan, sai ya yanke cewa Abdullahi ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Abdullahi, saboda tsantseni, ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawan, wanda daga baya ya warke ya sayar da shi dirhami 1,500. Bauta ta kau, amma hukuncin Halifa Usmanu ya bar ƙa'ida: sharaɗin bara'a ba ya rufe abin da mai sayarwa ya sani. Mashhurin zance a mazhabar Malik ma ya fi haka tsanani, domin ya taƙaita amfanin bara'a ga cinikin bayi, sauran kaya kuwa sharaɗin ba ya hana mayarwa. Halil ya ƙara da cewa wanda ya san aibi wajibi ne ya ambace shi da sunansa, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. Cewa “motar nan duk aibi ce” ga wanda ya san takamaimai gaskit ne ya ƙone wayo ne kawai, domin ya san mai saye zai ɗauki maganar a matsayin al'adar 'yan kasuwa. Gaskiya ne Hanafawa sun inganta sharaɗin kuɓuta daga dukkan aibi, amma su ma ba su ce ɓoye abin da aka sani halal ne ba, kuma kotunan Shari'a na Zamfara, waɗanda aka faɗaɗa ikonsu bayan ƙaddamarwar Oktoba 1999, bisa Malikiyya suke hukunci.

Dokar ƙasa ma ba ta goyon bayan wannan rubutu na rasit. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza ingancin da ya dace cikin wata uku, a gyara masa, ko a musanya, ko a biya shi.

Ba mai mota kaɗai wajibin ya hau ba. Imamu Ahmad da Hakim sun ruwaito labarin sahabi Wasila ɗan Asƙa'i, wanda aka sayar da wata taguwa a gidansa. Da mai saye ya fita da ita, Wasila ya bi shi da sauri ya tambaye shi, nama yake nufi da ita ko tafiya? Ya ce aikin Hajji zai je a kanta. Wasila ya gaya masa akwai rauni a tafin ƙafarta. Mai taguwar ya yi ƙorafin an ɓata masa ciniki, Wasila ya amsa masa da abin da ya ji daga Manzon Allah, cewa bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa da kuma duk wanda ya san da shi. Wannan ya shafi dillalin da ke jiran la'adarsa, da yaron da ke wanke motocin, ya kuma fi shafar bakaniken da mai saye ya ɗauko ya biya domin ya zama idonsa, shi kuwa ya zagaya baya ya karɓi nasa kason a hannun mai mota. Irin wannan ya haɗa algus da cin amana, abin da ya karɓa a ɓangarorin biyu kuma babu alheri a cikinsa.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya rubuta maƙala a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan masu saye ba su iya bambance mai kyau da maras kyau, sai su riƙa taya kowace mota da kuɗin mai aibi, mai lafiyayyar mota ya ga ba zai sayar da hasara ba ya janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Ɗalibin hadisi ba zai yi mamaki ba, domin hadisin Hakimu ɗan Hizam a Buhari da Muslim ya riga ya danganta albarkar ciniki da gaskiya da bayyanawa, ya danganta shafewarta da ƙarya da ɓoyewa. Dila mai gaskiya shi ne na farkon wanda maƙwabcinsa mai algus yake cuta, don haka ƙungiyoyin masu sayar da motoci su ya fi kamata su tsananta a kan 'ya'yansu.

Shi ma mai saye shari'a ba ta bar shi sakaka ba, kuma a nan ne da yawa suke zubar da haƙƙinsu da hannunsu. Wanda ya ga aibi ya ci gaba da lodin fasinja mako biyu yana cewa bari ya ɗan mayar da kuɗin mai, wannan aiki nasa yarda ce, zaɓinsa ya faɗi. Malamai sun ce in ya yi shiru kamar yini guda ba uzuri, sai ya rantse cewa shirunsa ba yarda ba ne kafin a saurare shi, in kuwa shirun ya yi tsawo ba a saurarensa. Sun togace matafiyin da larura ta tilasta shi ya ci gaba da hawan dabbarsa, saboda haka wanda aibi ya bayyana masa a kan hanyar Gummi ba a ce ya tsaya a daji ba, ya lallaɓa ya isa gari, sa'an nan ya ajiye motar, ya kira mai ita, ya kafa shaidu. Kada kuma ya bari a kwance injin kafin mai sayarwa ko wakilinsa ya halarta, domin idan aka yi jayayya a kan ko aibin tsoho ne ko sabo, maganar mai sayarwa ake kamawa, sai fa in masana sana'ar sun shaida cewa irin wannan ɓarna ba ta faruwa cikin 'yan kwanaki. Halil ya ce in an rasa adilai a cikin masanan ana karɓar bayanin waninsu, ko da ba Musulmi ba ne, domin labarin sana'a ake nema a wurinsu.

Tun da galibi ƙara tana bin garin wanda ake ƙara ne, mutumin Nasarawar Burkullu zai sha zirga-zirga zuwa Gusau ko Kano kafin ya ga ƙarshen shari'a. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya yi amfani da ƙofar da shari'a ta buɗe tun kafin ciniki, watau sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki domin gwaji, wanda malamai suka ƙaddara shi da kimanin kwana uku ga dabba. A cikin waɗannan kwanaki lamunin kayan yana kan mai sayarwa, kuma ba ya halatta a sharɗanta biyan kuɗi a cikinsu, sai dai mai saye ya bayar don ra'in kansa. A rubuta abin da aka faɗa game da inji da giya da haɗari da takardun kwastan, shaidu biyu su sa hannu. Motar da ta fito daga Amurka kuma tana da lambar jiki mai harufa da alƙaluma 17, wadda ake iya binciken tarihinta da ita ta intanet, a ga ko ta taɓa haɗari ko nutsewa.

Saura mas'ala ɗaya, wadda ita ce ta fi yawan aukuwa. Mutum ya gane an cuce shi, ya ga shari'a za ta yi tsawo, sai abokai su ba shi shawara ya yi wa motar kwaskwarima ya tura wa wani, wai yadda aka yi masa shi ma ya yi. Zaluncin da dila ya yi masa bai ba shi izni a kan dukiyar mutum na uku ba. Da zarar ya sayar da ita bayan ya san aibin, malamai suna ɗaukar wannan a matsayin yarda, haƙƙinsa na mayar wa dilan farko ya faɗi. Idan kuma ya ɓoye wa sabon mai saye, shi ne mudallis a wannan ciniki na biyu, kuma in injin ya buga a hannun wancan saboda aibin, shi zai mayar da kuɗin duka, har da na janwe.